Yatsu Biyar a Titin Deira

"Baba, zauna nan kan matakala tukuna. Numfashin nan naka bai yi mini ba."

Murjanatu ta ajiye jakarta ta kama hannun tsohon. Dawowarta ke nan daga asibitin da take aikin jinya, ta tarar lif ɗin gidansu da ke unguwar International City a Dubai ya sake lalacewa, ga kuma maƙwabcinsu Baba Ɗalhatu ya sauko da ƙafa, ya sha farin kaftani da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure.

"Likita, sake ni, bas za ta wuce."

"Na gaya maka ni ba likita ba ce. Kuma ina za ka da wannan kumburin ƙafa?"

"Ofishin zan koma. Wani ɗan Sudan ya ce mini a masallaci wai an sassauta doka."

Ta san ofishin, na hukumar da ke wanke sunan masu laifi, kamar yadda duk Bahaushen da ke ginin ya san shi. Baba Ɗalhatu direban wani kamfanin kargo ne a unguwar Deira, mutum ne da ko ƙuda ya faɗa masa a shayi sai dai ya zubar ya yi shiru. Amma wata rana cikin cunkoso wani mai ƙatuwar mota ya sha gabansa, saura ƙiris su yi karo, shi kuwa hannunsa ya riga hankalinsa: ya leƙo ta taga ya watsa wa mutumin daƙuwa, irin wadda direban Kano ke rabawa tun safe ba tare da ya tuna ya yi ba. A nan kuwa laifi ne. Mutumin ya ɗauki hoto ya kai ƙara, aka tsare Baba 'yan kwanaki, aka ci shi tara, aka sake shi da sunansa a rubuce cikin masu laifi.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Sai Alhaji Dikko, ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Dubai da Kantin Kwari, ya kai labari gida a gutsure. An kama Ɗalhatu a Dubai, shi ke nan abin da ya faɗa, sauran mutanen gari suka cike da kansu, kuma ƙwaya suka cike da ita. Lokacin da maganar auren Maimuna, 'yar Baba guda ɗaya tilo, ta taso, dangin saurayin suka yi bincike suka ja baya. Yaran suna son juna, amma kawunnan saurayin suka ce sai an kawo shaida daga hukumar Dubai cewa babu komai a kan uban. Takardar hukuncin da ke hannunsa ba ta aikuwa, domin Larabcin kotu ya ce ya yi aikin rashin kunya a bainar jama'a, wanda a kunnen mutanen gida ya fi ƙwayar ma muni.

Murjanatu ta ga ba zai hanu ba, ta tare tasi ta raka shi. Ma'aikacin da suka samu matashi ne mai ladabi, ya miƙe ya jawo wa tsohon kujera, ya duba kwamfuta, sannan ya yi bayani a hankali. Ana wanke suna, ya ce, amma sai ga wanda ya gama hukuncinsa, ya kuma cika wa'adin jira bai sake yin wani laifi ba. Wa'adin Baba bai cika ba. Ya ce masa ya dawo bayan Babbar Salla.

"Shwaiya, shwaiya, ya Haj," in ji shi da Larabci, wato a hankali, Alhaji.

Suka kamo hanyar gida a tasi. Da suka hango kasuwar 'yan Caina Baba ya yi magana.

"Ni ina iya jira, 'yata. Su can ne ba sa jira. Jiya Maimuna ta ce mini, Baba, ko za ka faɗa mini gaskiya ne kawai, ni ba zan gaya wa kowa ba." Ya murza hularsa a kan gwiwa. "Ita ma ke nan ta fara tunani."

Abin ya ƙona wa Murjanatu rai. Ta ga masu kuɗi iri-iri a garin nan da lauyoyi ke bi da jaka, amma wannan bawan Allah yatsu biyar sun hana shi barci. Daga ranar ta ɗora wa kanta auna masa jini safe da yamma, ta hana shi gishiri, shi kuma yana ɓoye yaji a aljihu kamar ba ta sani ba. Mijinta Hadi ya yi ta fama da shi ya tafi gida ya huta.

"In je in ce musu me? Hannu rabbana zan sauka a Kano?" in ji Baba.

Azumi ya wuce, zafi ya kai inda ko ƙarfen baranda ba ya taɓuwa. Ranar wata Juma'a cikin Zulƙida, Hadi ya buga masa ƙofa su tafi masallaci, bai amsa ba. Mai gadi ya kawo makulli. Suka same shi a bakin gado ya jingina da bango, safa ɗaya a ƙafa, ɗayar a hannu.

A nan Dubai aka binne shi. Da yamma maza suka cika falon su Hadi, Murjanatu tana kicin tana zuba shayi, muryar Alhaji Dikko tana shigowa ta saman ta kowa.

"Wallahi mutumin nan ko tsuntsu bai taɓa cuta ba. Kowa shaida ne."

Ta ajiye butar shayin. Kowa shaida ne, amma babu wanda ya taɓa ɗaukar waya ya ba da shaidar a inda ake nemanta. Ta so ta fita ta tambaye shi a gaban mutane, kunya ta riƙe ta, kuma ta tsani kanta saboda hakan. Ta miƙa wa Hadi tiren ta bakin labule ta koma ta zauna kan buhun shinkafa.

Maimuna ta kira bayan sadakar bakwai, muryarta ta dushe. "Anti, Baba ya ce bayan Salla za su ba da takardar. Don Allah ki karɓo. Ba don auren ba ma. Kawai a daina faɗa."

Salla na wucewa Murjanatu ta sa Hadi a gaba suka tafi, da takardar rasuwa a jakarta. Matashin nan dai suka samu, har ya gane ta ya yi murmushi. Ya duba kwamfuta ya ce lallai wa'adi ya cika, sai Haj ya zo da kansa ya nema.

"Ya rasu," in ji Hadi.

"Allah yarhamu." Ya karɓi takardar ya karanta, ya danna wasu maɓallai. "Khalas, shi ke nan. An rufe fayil ɗinsa."

"An goge ke nan?" Murjanatu ta tambaya. "Za ka ba mu shaida mu aika wa 'yarsa?"

Ya dube ta da tausayi na gaske, ya girgiza kai. "An rufe, madam, ba a goge ba. Mai rai ne ke neman a wanke shi."

Suka hau bas, Hadi ya wuce baya wajen maza, ita ta zauna gaba kusa da taga. Ba su yi nisa ba waya ta fara rawa a cinyarta, sunan Maimuna a jiki. Ta ɗora tafin hannunta a kai ta rufe sunan, tana kallon dabinon da aka jera a tsakiyar titi, wayar tana ta motsi a ƙarƙashin hannunta.