Tambari a Goshin Kaka

Ka ga tallan, kada ka ce ba ka gani ba. Tsohuwa ce a bakin taga da farin mayafi, tana dariya, ta ɗaga allura da zare a ciki. A ƙasan hoton an rubuta wai aikin asibiti bai yi mata komai ba, wani maganin ɗigawa a ido ne ya dawo mata da gani. Ka tsaya, ka yi murmushi, ka ja yatsa ka wuce. Ba ka tambayi kanka ko tsohuwar ta sani ba. To, ba ta sani ba. Kakata ce.

Kawuna direba ne ya ɗauki hoton bayan an yi mata aikin yanar ido, ranar da ta zura zare da kanta. Murna ta sa ya ɗora shi a shafinsa, a buɗe, babu alamar komai a jikinsa. Wasu marasa kunya suka kwashe, suka liƙa kwalbar maganinsu kusa da kuncinta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mutanen gidanmu. Da tallan ya faɗo zauren hirar dangi a waya, dariya aka yi ta yi. Goggo ta rubuta, "Inna ta zama tauraruwa." Ta tura wa ƙawayenta, su ma suka tura. Da hannunmu muka yi wa ɓarawo dako, muna alfahari.

Na yi magana har muryata ta dushe. Kawu ya ce, "Lauya, sassauta. Hoto ne fa, ba gonar gado ba."

Ita kanta Kaka da na nuna mata, gyara tabarau ta yi ta ce, "Maigida, kishi kake yi an ga matarka? Ai na yi kyau." Haka take kirana tun ina rarrafe.

Dariyar ta ƙare ranar da Uwar Biyu ta zo. Aminiyar Kaka ce tun suna koyarwa a firamare ɗaya, kuma ita ma yanar ido ta rufe mata gani, har asibiti ya sa mata ranar aiki. Ta shigo falo tana lalubar bango, idanunta jawur suna zubar da ruwa. Ta ƙi zama a kujerar da ta saba.

"Malama, ashe haka kike?" in ji ta. "Kin samu magani kin ɓoye, kina ta tura ni a yanka min ido."

"Wane magani?"

"Wanda kike talla. 'Yata ta karanta min. Na saya, ina ɗigawa. Na ce wa asibiti na fasa."

Kaka ta ajiye kofin shayinta a hankali. "Ke, ni na ce miki aiki aka yi min. Ba ke kika zo duba ni da bandeji a fuska ba?"

"An yi, bai yi ba, kika ji kunyar faɗa. Ga hotonki, ga allura. Hoto zai yi ƙarya ne?"

Ta juya ta fita, ko rakiya ba ta yarda an yi mata ba.

Kaka ta tsura wa ƙofa ido. Matar nan rabin unguwa ta koya wa karatu. Idan ta ce abu fari ne, ba a ɗaga shi a duba. Yau ga aminiyarta za ta rasa ido saboda an ari fuskarta an yi ƙarya da ita.

"Maigida," ta ce, "abin nan da kake ta surutu a kai, na sa wa hoto alama. Yi min bayani kamar ni ce ɗalibar."

Na ce mata tambari ne, rubutu mai shara-shara da ake kwantarwa a jikin hoto kamar inuwa. Ana ganin mutum, ana ganin rubutun, kuma duk inda hoton ya je da shi zai je. Na gaya mata gaskiya: ba zai dawo da wanda aka riga aka sace ba, kuma ɓarawo mai naci yana iya ƙoƙarin gogewa. Amma yawancinsu malalata ne, hoton da ba shi da mai shi suke nema.

"Kira kawunka. Ya zo da wayar tasa mai jawo magana."

Kawu ya zo yana ta kame-kame. Kaka ta sa mayafin nan dai, ta zauna a bakin tagar nan dai, ta ɗauki allura. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta kalli waya irin kallon da take yi wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

Na buɗe manhajar sa tambari, na tambaye ta me za a rubuta. Ba ta yi dogon tunani ba. "Rubuta: Hoton gidanmu ne. Likita ne ya yi min aiki, ban ɗiga maganin kowa ba."

Kawu ya leƙo ta kafaɗata. "Sa shi can ƙasa a lungu, ƙarami, kada ya ɓata mata fuska."

"A lungu za su yanke shi kamar gefen ƙyalle," na ce. "Sai a inda in sun yanke, hoton ya tashi daga aiki."

"Me suka fi so a jikina?" in ji Kaka.

"Idonki da allurar."

"To ɗora a nan. Ya taso daga goshi ya sauka kan hannun."

"Inna, a goshi?" in ji Kawu. "Kamar buhun siminti?"

"Buhun siminti ai an san kamfaninsa. Ni da ka sake ni babu suna, ga inda na kwana."

Kawu ya ja da baya. Na ja rubutun ya ratsa goshinta, ya bi ta gefen ido, ya sauka kan yatsun da ke riƙe da allura. Na rage masa kauri har fuskarta ta fito sarai ta cikinsa. Ta karɓi wayar ta duba da kyau, ta sa na gyara wani waƙafi.

Sannan ta ba da umarni, ba roƙo ba. Duk wanda ya tura tallan, ya tura wannan ga mutanen da ya tura wa, ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta fara cewa ai kunya, Kaka ta ce da kika tura na farkon ina kunyar take. Kafin la'asar tsofaffin ɗalibanta sun cika ƙasan tallan da sabon hoton, suna kai ƙarar shafin masu maganin. Wani injiniya, wata nas, wani mai walda, kowa yana rubuta, "Malamarmu ce, ƙarya kuke yi."

Ba ta jira ta ga ƙarshen shafin ba. Ta sa takalmi ta ce in riƙe mata jaka, muka nufi gidan Uwar Biyu.

Mun same ta a ɗaki ta sa labule, haske yana damunta. Kaka ta miƙa mata wayar. Ta kai ta har bakin hanci, ta matsar, ta sake kawowa.

"Me aka shafa miki a goshi?"

"Maganata ce. Tunda kin fi yarda da hoto a kan bakina, na sa bakina a cikin hoton."

"Ba na iya karantawa."

"Na sani. Ni zan karanta miki, da idon da aka yi wa aiki." Ta karanta mata, kalma kalma, da muryar aji.

Uwar Biyu ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Tsoro nake ji, Malama. Da na ji an ce akwai na ɗigawa, sai na ji kamar an sauke min kaya."

"Ni ma na ji tsoron. Har addu'ar da ban iya ba na yi. Ina kwalbar?"

Ta zaro ta daga ƙarƙashin matashi. Kaka ta jefa a jakar da nake riƙe da ita, ta ce likita zai so ya ga abin da aka zuba a idon. Ta sa 'yar Uwar Biyu ta kira asibiti a gabanmu. Suka ce a kawo ta da safe a duba jan idon, in ya lafa a sa mata sabuwar rana.

"Za ki raka ni?"

"In ban raka ki ba wa zai hana ki guduwa?"

A hanyar komawa Kaka tana gaba ina biye, tana karanta allunan shaguna da ƙarfi don kawai tana iyawa. Ban taɓa jin tsayina ya kai na ranar ba.

Yanzu kai. Akwai hoton mahaifiyarka a shafinka, da na 'yarka, da na matarka, a buɗe, kowa ya ɗauka ya rubuta abin da ya ga dama a ƙasa. Kada ka ce min sai ka samu lokaci. Ɗauki wayar, ka rufe abin da bai kamata bare ya gani ba, sauran ka sa musu tambari a inda ba a iya yankewa. Yau, kafin ka ɗora wani.