Gumin Anti Gyara, Sunan Farfesa

A ƙarshen baranda, bayan ɗakin karatu na jami'a, akwai wani ɗan ɗaki da a da ake jibge karyayyun kujeru a ciki. Nan Anti Gyara take zama, ita da fanka mai kukan akuya da kwamfuta biyu, ɗaya ma da tsohon ƙamus aka tokare ta. Ba sunanta na yanka ba ne. Kowa ya leƙo sai ya ce, "Anti, gyara mini," har ya bi ta.

Aikinta shi ne mujallar jami'a, wadda malamai ke zuba bincikensu a intanet kowa ya karanta kyauta. Manhajar da ke ɗauke da mujallar ita ma kyauta ce, ba ta da mai ita. Mutane ne a ƙasashe barkatai, ba su taɓa shan ruwa tare ba, wannan ya toshe ɓaraka, wancan ya duba masa. Ladansu ɗaya ne: duk gyaran da ka yi, kundin manhajar zai rubuta sunanka da ranar, kuma ba a gogewa har abada.

To, tun ranar farko Farfesa, babban editan mujallar, ya ce mata, "Mujalla da baki ɗaya take magana. Ki riƙa shiga manhajar da sunana." Ya ba ta kalmar sirrinsa. Shekara shida ana haka. Ita ta sa maƙala take buɗewa a ƙaramar waya ko layi na rarrafe. Ita ta hana haruffa masu ƙugiya rikiɗewa su koma akwatuna. Gyara ɗari huɗu da 'yan kai, dukkansu da sunan mutumin da ko majigi bai iya kunnawa ba.

Wata safiya sai ga sakatariya, wadda ake kira Rediyo don ba ta da maɓallin kashewa.

"Ke, kin ji? Masu manhaja sun aiko. Wai za su sa ogan naki cikin manyansu bakwai, masu tantance aikin kowa! Mutumin da jiya ya kira ni wai linzamin kwamfutarsa ya mutu, ashe a kife ya riƙe shi!"

Anti Gyara ba ta yi dariya ba. Ta gyara ɗankwali ta hau bene.

Ta tarar da Farfesa yana tsoma biskit a shayi.

"Ranka ya daɗe, ba kujerar nake so ba. Layi ɗaya kawai. A gaya musu hannuna ne."

Ya tauna a hankali, ya dube ta ta saman tabarau.

"'Yata, in an yabi riga, kin taɓa jin an tambayi allura? Digirinki nawa? Ja mini ƙofar, sanyi na fita."

Da ta sauko, sai zuciya ta ɗebe ta. Ta rubuta wa shugabar masu manhajar, wata tsohuwa da suke kira Mai Furfura, ta haɗa da hotunan littattafanta shida, inda ta zana kowane gyara da biro kafin ta taɓa kwamfuta.

Aka kira taro ta bidiyo. Fuskoki tara a allo, kowa a ɗan akwatinsa, wani ma da mage a cinya. Farfesa ya sha babbar kwat. Mai Furfura ta tambaye shi yadda ya warware matsalar haruffa. Ya yi gyaran murya, ya yi minti biyar a kan muhimmancin ilimi ga al'umma. Mai mage ya rufe baki da hannu. Aka juyo kan Anti Gyara, ta zazzago amsa kamar karatun da aka haddace tun yarinta.

"Babu shakka," in ji Mai Furfura. "Aikinki ne."

Idon Anti Gyara ya ciko. Shekara shida take jiran kalmomin nan.

"Sai dai muna da doka. Ba mu taɓa haɗuwa a zahiri ba, suna kawai muka yarda da shi. Wanda ya yi aiki da sunan wani, mun rabu da shi. Farfesa, kai ka ba ta kalmar sirrinka?"

Farfesa ya cire tabarau, ya goge, ya yi ajiyar zuciya irin ta uban da 'ya ta kunyata.

"Ni? Yau na fara ji. Na ɗauka jagorancina kuke yabawa. Yarinyar da na riƙe kamar 'yar cikina!"

"Ranka ya daɗe, ka ji tsoron Allah! Da hannunka—"

"Kina da shaida?" in ji Mai Furfura, a tausashe.

Littafi shida gare ta na shaidar ta yi aikin. Ba ta da ko layi ɗaya na shaidar an sa ta.

Aka janye wa Farfesa kujerar da dama bai san me ake yi a kai ba. Ita kuwa aka rufe mata ƙofa, ba za ta ƙara sa hannu a manhajar ba.

"Kundin fa?" ta tambaya. "A mayar da sunana."

"Kundi ba ya canzawa, 'yar uwa. Shi ya sa ake yarda da shi."

Kafin mako ya zagayo jami'a ta kafa kwamiti kan satar kalmar sirri. Aka mayar da ita ɗakin ƙasa, ɗinkin littattafan da suka yage. Rediyo ta raka labarin ofis-ofis, kowane bene da ƙarin gishirinsa, har aka kai ga wai dama soyayya ce ta ɓaci.

Bayan wata biyu, tana jiran gam ya bushe, ta buɗe kundin a wayarta, tunda kallo dai ba a hana kowa. A ƙarƙashin gyaran haruffan nan, wata sabuwar shiga daga wata ƙasa ta bar saƙo: "Daga nan na koyi aiki. Hannun da ya yi wannan mai tsabta ne. Na gode, Farfesa."

Anti Gyara ta goge gam a zaninta. Ta rubuta, "Ni ce." Ta danna.

Allon ya ce ba ta da izinin magana a nan.