Waƙar da Ungozoma Ta Zaɓa

"Ku tsaya! Waƙa na ce ku yi, ban ce ku ja ta kamar akuyar da ba ta son kasuwa ba."

Muryar Ungozoma ce ta ƙetaro katanga, ta iske ni a kan keken ɗinki. Maƙwabciyata ce, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka. Tun da aka sallamo ta daga asibiti aka ce sai addu'a, ban ƙara jin ta ɗaga murya ba. Na zari mayafi na leƙa.

Matan majami'arsu ne cike da ɗakin, wasu a bakin gado, ɗaya a kan buhun gawayi. Ita kuwa tana jingine da filo, ta rame har zobenta ya koma babban yatsa.

"Goggo, lafiya?"

"Waƙar jana'izata muke koya. In ban gyara musu yau ba, ranar ba ni da bakin magana. Zauna, Tela."

Ni da ban taɓa taka majami'a ba, sai ga ni zaune na baza kunne. Matar Fasto ta tambaya wa zai ja baitin farko.

"Matar Dattijo."

Duk unguwa an san Ungozoma da matar dattijon majami'ar ba sa ga-maciji, tun wata shekara da aka karɓe jan waƙa daga hannun Ungozoma aka ba waccan. Ko a famfo suka haɗu, kowacce sai ta ga abin kallo a cikin bokitinta.

Da suka watse na kasa haƙuri. "Goggo, duk masoyanki, sai ita?"

"Masoyan nan kuka za su yi, su ɓata min waƙa. Ita ko ɗigo ba za ta zubar ba." Ta yi tari, ta ƙara da cewa, "Kuma ta fi ni murya. Kada ki faɗa."

Washegari da hantsi Matar Dattijo ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa da takalmanta.

"An ce kina nemana."

"Shigo. Mutuwa ce, ba ƙyanda ba."

Aka saki labule. Na yi ta sharar tsakar gidan da ba nawa ba, ban tsinci komai ba sai dariya sau ɗaya, ban ma gane ta wace ce ba.

Ranar Laraba Ungozoma ta cika, da la'asar, 'yarta tana shafa mata mai a ƙafa.

Ranar jana'iza, a majami'a na zauna a bencin baya. Matar Dattijo ta miƙe, ta ja baitin farko tsaf, murya kamar ƙararrawa. A na biyu ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Sai matan suka ɗauka, da sauri, yadda aka koya musu.

Da yamma, bayan masu gaisuwa sun ragu, hadari ya taso. Na leƙa ta katanga. Matar Dattijo ce ita kaɗai a bakin igiyar shanya, tana kwashe zannuwan marigayiya, tana ninke su ɗaya bayan ɗaya a kan kafaɗarta.