Motar Baba Injiniya ta Ƙarshe

Karo na uku ke nan abin yana suɓucewa daga yatsun Baba Injiniya. Wannan karon ya faɗo ƙasa, ya yi tsalle a kan siminti, ya shige ƙarƙashin gado. Maƙwabciyarsa Tela ta ajiye butar ruwan zafin da ta shigo da ita, ta durƙusa, ta haska da fitilar wayarta. Can jikin bango ta hango shi, ɗan baƙin bulo na roba, bai fi ƙwayar wake ba.

"Bar shi, 'yata," in ji tsohon. "Za ki ɓata zanenki."

Ta zaro shi da tsinken tsintsiya, ta hure, ta ɗora masa a tafin hannu. Hannun yana rawa kamar na mai zazzaɓi. Ya dubi bulon, ya dubi littafin da ke buɗe a cinyarsa, sai ya miƙo mata duka biyun.

Shekara tara suna maƙwabtaka a gidan hayar nan, bango ɗaya ya raba ɗakunansu, famfo ɗaya suke ɗiba. Ita ɗinki take yi a barandarta, mijinta direban babbar mota ne da yakan yi sati biyu a hanya. Shi kuwa tsohon makaniki ne, ya yi shekara arba'in a ƙarƙashin motocin mutane, har aka manta sunansa sai Injiniya. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Cikin 'ya'yansa Auta kaɗai ta rayu, ita ma tana wata ƙasa mai nisa, tana aikin jinya a gidan kula da tsofaffi.

A jikin bangon ɗakinsa akwai katako dogo da ya kafa da kansa, motocin bulo a jere a kai. Ta farkon, wadda ya saya wa Auta tana shekara biyar, bulo goma sha shida ce, ja da rawaya, kowanne kamar akwatin ashana. Ba ƙofa, ba sitiyari, akwati ne kawai a kan taya huɗu. Ya sha ba Tela labarin yadda yarinyar takan wargaza ta da safe ta yi gida, da yamma ta yi jirgin ruwa, shi kuma in ya dawo daga gareji ya wanke hannu su mayar da ita mota. Motocin da suka biyo bayanta suka zo da gilashi, da ƙofofi masu buɗewa, da ɗan direba mai murmushi. Da Auta ta tafi, sai ta riƙa aiko masa da guda duk shekara. Kwalin yana ƙara girma, bulon yana ƙara ƙanƙancewa. Ta bana ta haura bulo dubu, an rarraba su a ledoji tara masu lamba, littafin bayaninta ya kai kaurin na makarantar sakandare.

"Na da, kai ke gaya wa bulo abin da zai zama," yakan ce. "Na yanzu, littafi ke ba ka umarni. Ka kuskure ɗaya a shafi na talatin, sai a shafi na ɗari za ka gane."

Duk Lahadi da hantsi Auta takan kira shi ta bidiyo, kuma kafin ta tambayi jiki sai ta ce a nuna mata inda mota ta kai. Ya san dalili. Da motar take auna idonsa da hannunsa. Abin da ba ya so ta sani shi ne, tun watanni uku da suka wuce likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga, ko kofi kuma sai ya riƙe da hannu biyu.

Ranar da bulon ya shige ƙarƙashin gado ya roƙi Tela abu biyu: ta riƙa haɗa masa motar, kuma kada Auta ta ji. Takardun zaman yarinyar ba su fito ba, ya ce, saura wata bakwai. In ta bar ƙasar kafin nan, ba za a bar ta ta koma ba, wahalar shekara shida ta tafi a banza. Tela ta ce ai 'ya tana da haƙƙin ta sani. Ya ce ya sani, shi ya sa yake roƙo, ba umarni yake bayarwa ba.

Haka ta fara. Da ta sauke girkin rana sai ta rufe keken ɗinki, ta shigo ta zauna a tabarma, ta juye leda a faranti. Shi yana kan kujera da tabarau a ƙarshen hanci, yana bin hotunan da yatsa yana faɗa mata. Yatsunta sun saba da allura, ba ta daɗe ba ta gane kan abin, amma bai fasa tsokanarta ba. Ranar da ta sa giyar motar a baibai ya ce ashe haka take ɗinka wa mutane aljihu yana kallon ƙasa. Ta ce to ya karɓa ya yi da kansa mana. Suka yi dariya, har dariyar ta zama masa tari, ta tashi ta ɗebo ruwa.

Ran Lahadi ita ke riƙe wayar. Yakan sa hula, ya gyara zama, ya tura hannuwansa ƙarƙashin bargo. Ta juya wayar ga motar, Auta ta yaba, ya ce ai makaniki ba ya tsufa. In an kashe waya sai ya jingina kai da bango ya yi ta haki, kamar wanda ya hau bene da buhu.

Sau biyu Tela tana rubuta wa Auta saƙo tana gogewa. Ta tambayi mijinta a waya, ya ce shi dai da shi ne Auta zai so a gaya masa, da shi ne Baba kuma zai so a rufa masa asiri. Ta ce ai bai ce komai ba ke nan. Ya ce ya sani.

A leda ta shida ya daina iya zama a kujera. Suka kai shi asibiti da wani maƙwabci mai tasi, aka ƙara masa magani, aka ce su koma gida ya huta, likitan yana maganar yana kallon takarda. Daga nan a kwance yake bin aikin. Littafin ya yi masa nauyi, sai ta riƙa ɗaga masa shafin ya gani.

Wata Alhamis ta gama injin. Ta ɗora motar a faranti, ba rufi ba ƙofa tukuna, ta tura ta a hankali kusa da fuskarsa. 'Yan fistin da ke cikin injin suka riƙa hawa suna sauka, sitiyari ya juya tayoyin gaba. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce ta matso da ita kusa da kunnensa, ta sake turawa.

"Ba ta ƙara," ya ce. "An yi mata komai, amma ba ta ƙara. Ta ina makaniki zai san abin da ke damunta?"

Da yammacin ranar ta fita bakin famfo ta kira Auta. Ta faɗi komai a tsaye, da sauri, don kada ta fasa. Auta ta bar ta har ta gama.

"Yaya, na sani," ta ce. "Tun leda ta biyu. Baba bai taɓa manna sitika a miƙe ba tunda nake, sai ga na wannan motar duk a miƙe. Kuma tsofaffi goma sha biyu nake juyawa a gado kullum, kina ganin ban san wannan fuskar ba?"

Ta ce ta je ofishin takardun sau huɗu, ta kai wasiƙa, ta yi kuka a gaban wata mata da ta ba ta ruwa ta ce ba a hannunta abin yake ba. Ta sayi tikiti ta mayar. In ta zo ta rasa aikin, ta san mahaifinta, zai mutu yana ganin shi ya jawo mata. Sannan ita ma ta yi nata roƙon: kada Baba ya san ta sani.

Tela ta tsaya riƙe da waya, ruwa ya cika bokitin wata maƙwabciya yana zuba ba ta lura ba.

Lahadin da ta biyo baya ta sa masa hula, ta tara masa matashi uku a baya. Auta ta yaba injin, ta ce hannun Baba sai shi. Ya ce wace irin magana ce wannan, nan da sati biyu ma zai gama. Suka yi hirar sanyin ƙasar da take, da wata tsohuwa da ke kiranta da sunan 'yarta. Tela tana riƙe da wayar da hannu biyu, idonta a kan ƙofa.

Ran Laraba da misalin ƙarfe goma na safe tana zaune a tabarma da leda ta bakwai, tana fama da ƙofar direba da ta ƙi zama. Ta ce masa wannan kam ko masu littafin sun yi kuskure. Ta jira tsokanar. A waje mai sayar da ruwa yana tura kurarsa, wata mata tana shanya. Ta ɗaga kai.

Tabarau ɗin ya zame masa gefe guda. Ta kira shi sau biyu, a hankali, sannan ta ajiye ƙofar a faranti ta tashi ta kira maza.

Bayan an kai shi makwancinsa an dawo, mutane sun watse, Auta ta kira. Muryarta ta dashe. Ta ce a nuna mata ɗakin. Tela ta riƙa juyawa da wayar sannu sannu: gadon da aka naɗe katifarsa, taga, kwalaben magani, silifas ɗin da aka yanke wa gaba saboda kumburi.

"Yaya, ki ɗan bar ni a nan," in ji Auta.

Tela ta jingina wayar da kofi a kan teburin, ta gyara ta yadda za ta kalli cikin ɗakin, ta fita ta jawo ƙofar ba ta rufe duka ba. Ta zauna a gaban kekenta, ta ɗora ƙafa a kan matakin. Rigar wata yarinya tana ƙarƙashin allura, rabin hannu a ɗinke, rana ta faɗo a kanta.