Sawu a Kan Hoda

An buɗe sashen gashin ƙashi na asibitin a 1958, lokacin da shan inna ya yawaita, kuma ƙa'idar shiga aikin ba ta sauya ba: shekara biyar a jami'a, shekara guda ta horo, sannan sa hannun shugaban sashe. In babu wannan sa hannu, babu lasisi, babu aiki.

'Yar horon da majinyata ke kira Ƙaramar Likita ta cika shekararta, amma shugaban, wani dattijo marar yawan magana, bai sa mata hannu ba.

Dattijon yana da al'ada. Kullum da tsakar rana, kafin ya kulle ɗakin atisaye a tafi hutu, yakan sauke sandunan ƙarfe biyu da ake dafawa wajen koyon tafiya zuwa tsayin yara, ya barbaɗa hoda a tsakaninsu. Da haka ake karanta tafiyar majinyaci kafin zuwan na'urori.

Ranar jarrabawarta ya buɗe ɗakin a gabanta. Ga sawu a kan hodar.

"'Yata, karanta mini."

"Baba, ai mabuɗin yana aljihunka tun ɗazu."

"Sawu na ce ki karanta, ba aljihuna ba."

Ta durƙusa. "Ƙananan ƙafafu ne, shekara bakwai ko takwas. Dunduniya na sauka kafin yatsu, takun hagu daidai da na dama. Mai wannan sawu ya warke."

Dattijon ya zaro wani tsohon kati daga aljihu. Na wata yarinya ne, an kwantar da ita ran 14 ga Maris 1974, ƙyanda ta ɗauke ta a watan Yuni. Gurbin sallama babu wanda ya cike shi.

"Sawunta ne. Da na kama aiki, jan ƙafar hagu take yi a kan hodar," in ji shi. "Mutum shida na nuna wa kafin ke. Biyu sun gudu, huɗu suka ce a ƙara mata atisaye."

"Kai fa, Baba?"

"Ni na saba da ita."

Ta karɓi alƙalami ta rubuta: An sallame ta. Ya daɗe yana kallon katin, sannan ya rattaba hannu a kai, ya kuma sa hannu a takardarta.

Washegari sawun ya wuce ƙarshen sandunan, ya bar farin tabo har bakin ƙofa, bai juyo ba. Tun daga ranar ba a ƙara ganin komai a kan hodar ba. Dattijon dai bai daina barbaɗa ta ba.