Alamar da Baba Ɗantsoho Ya Shimfiɗa

Shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka a ƙauyenmu na bayan dutsen Kwatarkwashi, ni ne malamin gona. Gero ya fara nuna, tsuntsayen nan kuwa kullum sai sun share gona biyu. Na hau babur sai filin jirgi na Gusau, inda aka ce jirgin feshi ya iso.

Na tsaya ina kallonsa. Ɗan ƙarami ne, farfela biyu, fentinsa duk ya koɗe. Makanikensa, wani dattijo Malam Jonathan, ya lura da fuskata.

"Malam Tukur, kada ka raina shi," in ji shi. "Ya yi jigilar wasiƙu, ya ɗauki marasa lafiya, ya kai allurar rigakafi inda mota ba ta zuwa. Ko inji ɗaya ya mutu, ɗayan zai kawo shi gida. Ku dai ku shimfiɗa farin ƙyalle a makwancin tsuntsayen, matuƙi ya gani daga sama."

Na koma na sanar a masallaci. To, kun san mutanenmu! Kowa tasa ta fisshe shi. Da la'asar jirgi ya zo ya tarar kowace gona da farin ƙyallenta: zanen gado, rawani, har buhun taki. Ba zan ɓoye ba, ni ma na shimfiɗa tsohuwar rigata a tawa. Ya kewaya sau uku, ya rasa ina ne makwancin, ya juya.

Malam Jonathan ya kira ni a waya ransa a ɓace. Ya ce saura zuwa ɗaya, gobe, daga nan jirgin sai Tsafe. Alama ɗaya tak, babba, a fadama inda tsuntsayen ke kwana. Kuma duk ƙyallen da magani ya taɓa ƙona shi za a yi.

Da jin kalmar ƙonawa, kowa ya naɗe nasa ya kai ɗaka. Da gari ya waye na bi gida-gida har azahar, wallahi ko ɗankwali ban samu ba. Na yi faɗa har muryata ta dushe.

Sai ga Baba Ɗantsoho yana dogara sanda, da ƙunshi a hammata. Shi gonarsa tun makon jiya aka cinye ta ƙarƙaf. Ya kwance ƙunshin. Likkafaninsa ne, wanda ya sayo a Makka ya wanke da zamzam, shekara goma sha tara yana ajiye.

"Haba Baba! Wannan fa?"

"Yaro, mutuwa ta san hanyar gidana," ya ce. "Jirgi ne bai san hanyar fadama ba. Kama can."

Muka shimfiɗa shi, muka danne da duwatsu. Gab da magariba jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa, ya bi ta kan likkafanin sau biyu yana feshi. Washegari ni da hannuna na cinna wa yadin wuta, ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Gero ya shiga rumbu. Bayan wata biyu Allah ya yi wa Baba rasuwa. Kafin a gama haƙa kabari, gida goma sha ɗaya sun aiko da farin yadi sabo dal, gidajen da suka hana ni ɗankwali. 'Yarsa Wasila ta ɗauki ɗaya, ta ce a mayar musu da sauran.