Sifilin Farko

Aikin da aka ɗora wa Auta a kamfanin aika kaya irin mai sa gyangyaɗi ne. Lambobin waya dubu huɗu a rumbun bayanai, kowa ya rubuta yadda ya ga dama: wani da tazara, wani a cunkushe, wani ma ya liƙa sunan matarsa a tsakiya.

Shugabar sashe ta ce, "Ki cire sifilin farko, ki sa alamar tarawa da lambar ƙasa. Wadda ba a rubuta ƙasarta ba, ki ƙirga tsawonta, ki duba farkonta. Ga jadawali."

Fanka na juyawa a kasalance, hasken la'asar ya kwanta a kan tebur. Duk lambar da Auta ta gyara sai hankalinta ya bi ta. Wannan tana ringi a wani ɗaki mai kallon teku. Waccan a aljihun mai jiran jirgin ƙasa cikin ruwan sama. Ta zaga duniya ba ta tashi daga kujera ba.

A rana ta uku ta ci karo da wata mai tsawon goma sha ɗaya, farkonta sifili, bakwai, huɗu. Ta san wannan farkon.

Shekara tara ke nan da yayanta ya tafi neman aiki. Wasiƙa ɗaya ya aiko, ta hannun tsohuwar maƙwabciya, don sun riga sun tashi daga gidan, an yanke wayarsu. Bai faɗi inda yake ba, lamba kawai ya sa a ƙasan takarda. Inna ta kira ta har ta haddace, Auta ma haka, kullum na'ura na cewa babu wannan layi. Daga baya Inna ta daina ambatonsa. Fushi take yi, kuma kewa na cin ta.

Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa lamba ma tana da ƙasarta.

Auta ta bi jadawalin da yatsa. Ƙasashe uku ne suka dace. Ta fita baranda, ta cire sifilin lambar yayanta, ta gwada ƙasa ta farko, shiru. Ta biyu ta yi wani dogon ringi wanda kunnenta bai saba da shi ba. Aka ɗauka, namiji ya yi magana da wani yare.

"Yaya?" ta ce.

Sai ya juya harshe zuwa Hausa.

"Auta? Ke ce?" Hausarsa ta yi tsatsa. "Sau biyar ina sauya gida, amma na ƙi sauya layin nan. Na ɗauka kun yafe ni ne."

Ta zauna a ƙasa, da kayan ofis da komai, hawaye na zuba.

"Kada ka kashe," ta ce. "Don Allah kada ka kashe. Bari in haɗa ka da Inna."